Ajin ranar Laraba da ya sa na sake rubuta tambayoyin bincikena

Tun da na fara digirin digirgir a fannin tattalin arziki ake tambayata wai me ya kai ni ajin nazarin mata da jinsi, ke da lissafi ne sana'arki, ina ruwanki da 'yan feminizim. To yau dai bari in amsa gaba ɗaya in huta.

Tsarin ba wani digiri ne daban ba, kina nan a sashenki, sai ki ɗauki wasu kwasa-kwasai a gefe, a ƙarshe a haɗa miki da satifiket. Malaman ma tsintar su aka yi daga sassa, wannan daga tarihi, waccan daga shari'a, wata daga kiwon lafiya. Mu goma sha ɗaya ne a seminar Laraba, har da maza biyu, kuma kusan kowa da fannin da ya fito. Fannin nan ma ba tsoho ba ne, a 1970 aka buɗe shirin nazarin mata na farko a Amurka, a kwalejin San Diego, Jami'ar Emory ta fara digirin digirgir a kansa a 1990, Makerere ta Uganda kuma ta buɗe nata sashen a 1991.

Abin da ya girgiza ni ya faru ne a sati na huɗu. Na kawo takardar tambayoyin da zan yi bincike da ita, har ina jin daɗi don na yi wata uku a kanta, tambaya ta bakwai tana cewa "Shin kina aiki?" sai akwatin e da akwatin a'a. Wata 'yar ajinmu mai karantar halayyar al'umma ta ɗora yatsa a kan layin ta ce, matar da ta tashi tun duhu-duhu, ta shirya yara, ta yi jinyar tsohuwar da ba ta iya tashi, ta kwanta bayan kowa ya yi barci, wane akwati kike ganin za ta zaɓa? Na ce a'a za ta zaɓa mana. Ta ce to a teburin alƙalumanki ta zama mai zaman banza ke nan. Wallahi na rasa bakin magana, don ba lissafina ne ya karkace ba, tambayar ce tun farko ta bar rabin mutanen a waje, kuma haka aka koya mini ita ban taɓa tsayawa na dube ta ba. Daga baya na ga rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2018 da ya ce kashi 76.2 cikin ɗari na awannin aikin kula da iyali da ba a biya, mata ne ke yin sa, ni kuma takardata ba ta da ko layi ɗaya da zai kama wannan.

Mai karatun shari'a a cikinmu ita ta kawo mana ƙarar da wasu mata baƙar fata biyar suka kai kamfanin ƙera motoci na General Motors a Amurka, wadda aka yanke a 1976. Kotu ta ƙi yarda su haɗa wariyar launin fata da wariyar jinsi a ƙorafi ɗaya, wai sai dai a duba kowanne shi kaɗai, alhali abin da ya same su daga haɗuwar biyun ya fito. A kan irin wannan ne Kimberlé Crenshaw, wata masaniyar shari'a 'yar Amurka, ta yi rubutunta na 1989, ta kwatanta lamarin da mutumin da mota ta buge a mararraba, daga kowace hanya bugun zai iya zuwa. Tun ranar na daina raba alƙalumana gida biyu kawai, maza da mata, sai na duba shekaru da yawan karatu da abin hannu tare.

Amma kada in ɓoye muku, akwai wuya. Kowane fanni da abin da ya yarda hujja ce. Mai tarihi tana son takarda daga taskar adana kayan tarihi, ni ina son adadi mai yawa, mai adabi za ta kwashe awa guda a kan kalma ɗaya, wani lokacin har rai ya ɓaci. Karatun ma ninki biyu ne, sai ki gamsar da supabaizanki na sashe sannan ki gamsar da na can. Wani malami a sashenmu ya taɓa kallon hirarrakin da na yi da mata ya ce wannan ai labari ne ba bincike ba, abin ya yi mini ciwo sosai don na san awannin da matan nan suka ba ni daga lokacinsu da ba ya isar su. Akwai kuma masu tsoron in an gama wane sashe ne zai ɗauke su aiki, kuma tsoron nasu yana da dalili.

Tambaya ta bakwai dai na cire ta. Yanzu cewa nake "faɗa mini abin da kika yi jiya, tun daga tashinki har kwanciya", in rubuta awa bayan awa. Na gwada da mata shida, ta farkon sai da ta cika mini shafi biyu, da muka kai ƙarshe ta karɓi takardar ta daɗe tana kallo ta ce in ba ta kwafi. Sati mai zuwa zan kai wa 'yan ajin Laraba su sake dubawa.