Talata a Tawa: ɓawon da ba ya jin soso

Hunturu ya kankama, masu soriyasis, cutar fata mai sa faci-faci da ɓawo, kuma sun fara dawowa asibiti kamar kowace shekara. Yau mutum uku. Na farko wani dattijo ne mai sayar da albasa, gwiwoyin hannu da na ƙafa duk faci-faci masu kauri, ɓawo kamar toka a kai. Jan da littattafai ke faɗa ba ya fitowa a baƙar fata, duhu-duhu kawai ake gani, shi ya sa ya yi wata biyu yana shafa maganin makero a banza.

"Likita, kullum sai na dirje shi da soso har jini ya fito, amma sai ƙaruwa yake."

"Baba, dirzar ce ke ciyar da shi."

Haka abin yake. Fata lafiyayya tana ɗaukar kamar kwana 28 kafin ta sabunta, a nan kuwa kwana 3 zuwa 5 ne, sai ɗanyun ƙwayoyi su taru su zama ɓawo. Mai ba da umarnin yana can cikin fata. Da fata ta ji rauni, ƙwayoyin garkuwa masu gadinta su saki sinadaran aike, wato sitokin, musamman IL-23 da TNF-alfa. IL-23 ya zuga wasu ƙwayoyin garkuwa da ake kira Th17, su kuma su zubo nasu sitokin, IL-17 da IL-22. Waɗannan ke sa ƙwayoyin fata hayayyafa ba ji ba gani, su kuma saki nasu sinadaran da ke kiran ƙarin ƙwayoyin garkuwa. Wuta na kiran iska, iska na hura wuta. Don haka duk inda aka yi tsaga, ƙaho ko susa, bayan kamar mako biyu sabon faci na iya tsirowa daidai kan layin. Ɗigon jinin da yake gani kuwa daga ƙananan jijiyoyin da suka buɗe suka matso sama ne.

Na rubuta masa Vaseline bayan wanka, da man betametazon, wani nau'in kortizon na shafawa, a kan facin kawai, ba fiye da mako huɗu ba. Matarsa ta tambaya ko a ware masa kwano. A'a, ba a ɗauka.

Ta ukun ce ta fi damuna. Wani ya ɗora ta kan ƙwayar kortizon, ta daina lokaci guda, jiki ya ɓarke da ƙuraje masu ruwa. Kortizon na sha danne sitokin yake yi, ana sakinsa su taso da ƙarfi. Metotreksat, magani mai rage zafin garkuwar jiki, ya dace da ita, amma sai an duba hanta, jini, ciwon hanta nau'in B, da batun ciki. Sau ɗaya a mako ake sha, ba kullum ba, da asid folik a wata rana dabam, kuma kada a haɗa da Bactrim, maganin kashe ƙwayoyin cuta. Allurai masu toshe IL-17 suna nan tun 2015, kuɗinsu dai ya fi ƙarfin aljihunmu. Za ta dawo Alhamis da sakamakon gwaji.