Kwana Biyar Tsakanin Mazari da Marina

Ni haifaffiyar birnin Zariya ce, kuma tun ina ƙarama idona ya saba da ganin maɗinka zaune a zaure ko a gindin katanga, kowa da babbar riga shimfiɗe bisa gwiwarsa, yana bin zanen aska da allura tun hantsi har la'asar. Saboda haka ban taɓa ɗaukar kaina baƙuwa a harkar tufafin gargajiya ba, sai ranar da wata ɗalibata ta tambaye ni bambancin da ke tsakanin zare da abawa, na buɗe baki na rasa abin da zan ce mata. Kunyar wannan rana ce ta sa da wata abokiyar aikina ta kawo shawarar mu yi hutun ƙarshen shekara a ƙauyen kakanninta na wajen uwa, mu koyi kaɗi da saƙa da rini a hannun masu yin su, ban tsaya dogon tunani ba na ce a sa sunana.

Mu 7 muka tafi, mata 4 da maza 3, a mota biyu. Ƙauyen yana arewa maso gabas da Zariya, ana barin titin Kano a yanki hanyar ƙasa ta ɓangaren Makarfi. Tun wajen shiri wani daga cikinmu ya so a buɗe ƙofa ga kowa, a cika babbar mota domin kuɗin mai ya yi sauƙi, amma mai gayyatar ta ƙi, kuma daga baya na ga gaskiyarta. Gidan ƙauye ba masaukin baƙi ba ne, ɗaki ɗaya aka share mana mu mata a cikin gida, maza kuma aka shimfiɗa musu a shigifa. Ban da wannan, tsohuwar da ke koya kaɗi ba ta iya sa ido a kan hannun da ya wuce biyu ko uku a lokaci guda. Da mun kai ashirin da kallo kawai za mu yi, mu ɗaga wa mutane hankali, mu koma. Mun fara da gaisuwa a ƙofar mai gari tare da goro, sannan aka daidaita magana a fili cewa kuɗin masauki da abinci daban, kuɗin koyo daban, kuma kowane mai koyarwa a hannunsa za a damƙa masa nasa.

Mun zaɓi watan Disamba ne domin lokacin cirar auduga ne, kuma ayyukan gona sun lafa. Ƙasar Zazzau tsohuwar ƙasar auduga ce, abin da ya ja hankalin Turawan Ingila ke nan tun farkon zuwansu. A 1902 suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga domin ciyar da masaƙun ƙasarsu, jirgin ƙasa ya ratsa Zariya zuwa Kano a 1911, aka kuma kafa injin gurza a Zariya. Tashar binciken noma ta Samaru ta soma aiki a 1922, ta zama wani ɓangare na Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma daga can ne irin audugar da ake kira SAMCOT ya fito. Amma a hanyarmu abin da muka fi gani shi ne karan masara da na dawa, da gonakin rake da tumatir a fadamu. Gonar audugar mai masaukinmu 'yar ƙarama ce a bayan gari, kuma ya faɗa mana ba don kasuwa yake shuka ta ba, don mahaifiyarsa ne, wadda ba ta iya zama hannu sake.

Ita ce malamarmu, kuma Inna muke ce mata kamar yadda kowa a gidan yake faɗi. Ranar farko ba ta bar mu mun taɓa mazari ba. Ta ajiye mana magurji, wato wani shafaffen dutse, da siririn ƙarfe, ta ce mu raba auduga da gurya. Ana ɗora 'yar auduga kaɗan a kan dutsen, a murza ƙarfen da tafin hannu biyu, sai guryar ta riƙa fitowa gaba ɗaya bayan ɗaya, gashin ya tsaya a baya. A hannunta abin kamar wasa, a nawa kuwa guryar farfashewa take yi ta ɓata audugar da mai. Bayan gurza sai shiɓa: ana riƙe ɗan baka a cikin tarin audugar ana tsinkar tsirkiyarsa, girgizar tana warware ƙulle-ƙullen har audugar ta tashi ta yi sakwa-sakwa, sannan a naɗe ta a yi sutu. Kafin azahar kawunanmu da mayafanmu duk sun yi fari, yaran gidan suna leƙe ta bakin ƙofa suna dariya.

Kashegari aka shiga kaɗi, kuma a nan ne tafiyar ta zame mini wani abu dabam. Mazari ɗan siririn tsinke ne, da gululu na yumɓu a kusa da gindinsa domin ya ba shi nauyin juyawa. Inna tana zaune a tabarma ta miƙe ƙafa, sutu a hannun hagu a ɗage, ta shafa alli a yatsun dama, ta kafa tsinin mazarin a kan wata 'yar fata da ta yi sulɓi don daɗewa, ta murza shi sau ɗaya. Yayin da yake juyawa sai ta riƙa janye hannun hagu a hankali, zaren yana fitowa daga sutun kamar ba ita ke fito da shi ba, har hannun ya kai iyakar miƙewarsa, sannan ta naɗe abin da ya samu a jikin mazarin ta sake. Duk wannan tana yi tana hira da surukarta a kan miyar dare, idonta ma ba ya kan aikin.

Da na karɓa, zare ya tsinke a jan farko, ya tsinke a na biyu, a na uku kuma ya fito da kauri kamar igiyar guga. Na soma ba da hujja cewa watakila audugar ce ba ta shiɓu ba. Ta dube ni ta ce, "'Yar nan, ba audugar ba ce, hannunki ne ke gaggawa. Ki bar mazarin ya ci, sannan ki ja." Na ce, "To, Inna." Na ɗauki yini guda kafin na gane abin da take nufi: murɗin da mazari ke yi shi ne ƙarfin zare, idan ja ya riga murɗi sai gashin audugar ya zame ya rabu, idan kuma murɗi ya yi yawa ba a ja ba sai zaren ya ƙudundune. A nan ne kuma na sami amsar tambayar ɗalibata. Zare shi ne siriri mai murɗi sosai, wanda ake yin wadari da shi, wato zaren da ake miƙewa a tsawon saƙa, domin shi ke jure ja a masaƙa, abawa kuwa mai kauri ce mai sassaucin murɗi, ita ake sa wa a ƙoshiya, ɗan katakon da masaƙi ke wurgawa, tana ratsa wadarin, ita ce ke ba gwado taushi da ɗumi. Abin da na kaɗa a yini biyu, da Inna ta auna shi da ido, cewa ta yi ba zai ƙulle bakin buhu uku ba.

A duk ƙauyen, mata 3 ne suka rage masu kaɗi, kuma dukkansu sun ga jikoki. Inna ta ce a zamaninsu babu yarinyar da za a kai ɗakin miji ba ta iya ba, domin da kuɗin zare mace ke sayen abin buƙatarta tana cikin gida, da shi take tara wa 'yarta kayan ɗaki. Jikokinta mata suna makaranta, masu sana'a a cikinsu kuma ɗinkin hula da awara suke yi, kuma ban ga laifinsu ba, tunda kaɗin mako guda ba ya kawo abin da suyar yini biyu ke kawowa. Zaren inji ne ya fara karya kasuwar. Masaƙar Kaduna ta farko ta buɗe a 1957, wasu suka biyo baya, zare mai araha ya cika kasuwanni. Abin takaici shi ne su kansu masaƙun sun durƙushe a farkon shekarun 2000, sai aka wayi gari babu na hannu, babu na injin gida, sai abin da aka shigo da shi daga waje.

Saƙar maza a waje ake yin ta, a ƙarƙashin wata rumfa kusa da masallaci, don haka mazanmu ne suka zauna a kujerar, mu muka kalla daga gefe. Baba masaƙi ya miƙe wadarinsa mai tsawon taku da yawa, an ɗaure ƙarshensa a jikin kunkuru, wato katakon da aka ɗora wa dutse, wanda ke matsowa a hankali yayin da saƙa ke ci gaba. Yatsun ƙafarsa ke taka igiyoyin allira suna buɗe zaren sama da ƙasa, hannu ya wurga ƙoshiya, masefi ya buga, kuma ƙarar tana tafiya da kari ɗaya kamar kiɗa. Abin da ke fitowa ƙwarya ce siririya, faɗinta bai wuce tafin hannu ba, sai an jera da yawa an ɗinke gefe da gefe kafin a sami zane ko riga. Ya nuna mana wani tsohon saƙi mai ɗigon fari da baƙi kamar jikin zabuwa, da ɗan guntun tsamiya, wadda ake samu daga saƙar wata tsutsa da ke zama a itatuwa. Da na tambaye shi zaren da ke kan masaƙar, bai ɓoye ba, ya ce na kanti ne, domin abin da tsofaffin nan uku ke kaɗawa a shekara ba zai riƙe shi wata biyu ba.

Marina kuwa ita ce ta fi ɗaukar hankalin kowa. Ramuka sun fi goma a wurin, amma ɗaya ne kawai ke da rai, sauran ƙasa da shara sun cike su. Marinin ya bayyana mana yadda ake haɗa ganyen baba da toka da katsi, wato abin da ya kwanta a gindin ramin rini aka kwashe aka ƙone, a cikin ruwa, a rufe, a riƙa motsawa da muciya har kwanaki, sai kumfa ta taso wari ya canza, a san karofi, wato ramin rinin, ya nuna. Dalilin jiran shi ne shuni ba ya narkewa a ruwa haka kawai, sai ruɓewar da ke gudana cikin ruwan toka ta sauya shi. Shi ya sa idan aka tsamo zane yake fitowa kore-kore, sai iska ta buge shi ya rikiɗe shuɗi a gaban idonka, kuma yawan tsomawa da shanyawa ne ke kai shi ga baƙi. Duk wanda ya san marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, ko ya ji labarin turkuɗin Kura da Buzaye ke naɗawa, ya san darajar wannan aiki. Shi ma shunin kanti, wanda kamfanin BASF na Jamus ya fara sayarwa a 1897, ya daɗe da shigo masa gida, yanzu a cikin ganga ake yawancin rini cikin 'yan sa'o'i.

A bakin ramin nan wayoyi suka fito. Mun shafe kusan awa guda ana ɗaukar hoton hannu shuɗi da kumfa da zane a iska, ni ma ban tsira ba. Sai da dare na duba wayata na ga hoton marina ya fi talatin, na mazari kuwa biyu ne, su ma ba su fito da kyau ba saboda duhun ɗaki. Ina ganin haka yawancin masu irin wannan ziyara suke yi, har masu shirya baje-kolin al'adu: rini da ɗinki suna da kyan gani, ana ta maganar farfaɗo da su, alhali marini yana iya rina shadda, maɗinki yana iya yi mata aska takwas, amma ranar da tsofaffin nan suka ajiye mazari babu wanda zai iya gano motsin yatsun nan daga hoto.

Na yi wani kuskure da ya kamata in faɗa, ko wani zai kiyaye. A rana ta huɗu Inna ta buɗe adakarta ta nuna mana wani baƙin zane da mahaifiyarta ta kaɗa zarensa, aka saƙa, aka rina, aka buga shi a mabuga har yana ƙyalli, aka kawo ta da shi gidan aure. Ban san lokacin da na ce ko za ta sayar ba. Ba ta amsa ba, ta dai ninke shi ta mayar ta rufe adakar, hira ta mutu. Da yamma surukarta ta ja ni gefe ta ce, "Yaya, abin da aka nuna miki don an yarda da ke ba a taya shi." Da safe na je na durƙusa na ba da haƙuri, ta ce babu komai, ta miƙo mini sutu.

Da muka dawo Zariya na ɗauki ƙwarya ɗaya da Baba ya saƙa mini da abawar Inna, na kai wa wani dattijon maɗinki da ke yi wa gidanmu aiki tun mahaifina yana raye. A gabansa shadda ce shimfiɗe, an zana mata tambari da aska biyu. Ya ajiye allura, ya murza ƙwaryar tsakanin yatsu, ya ɗaga ta ga haske, ya tambaye ni inda na samo. Ya ce rabonsa da sa allura a saƙar hannu ya daɗe, kuma idan zan iya tara abin da zai isa riga shi zai yi mata aiki, amma in sani ba aikin bana ba ne. Na aika wa Inna da kuɗin zare ta hannun abokiyar aikina, ta aiko cewa in saurare ta bayan sallah ƙarama, ta kuma haɗo da mazari guda da ɗan ƙullin alli, tare da saƙon cewa kada in kuskura in koma wurinta da zaren da zai sa ta ji kunya.