Ƙugiyar harafi a idon Chrome, Firefox da Safari

A makon jiya na zauna a shagon buga takardu na wani abokina a Tudun Wada, nan Kaduna, muka buɗe darasi guda da na rubuta wa ɗalibaina a kan kwamfutarsa mai Windows, da farko a Chrome sannan a Firefox, daga bisani kuma a Safari na wayar iPhone ɗin ƙaninsa. Abin da nake son gani shi ne yadda kowace burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, za ta fitar da haruffanmu masu ƙugiya, wato ɓ, ɗ, ƙ da ƴ.

Kalmar "ƙwaƙwalwa" ce ta tona asiri. A Chrome, ƙ ɗin nan guda biyu sun fito sirara, sun ɗara sauran haruffan tsayi, sai ka ce baƙi ne da aka zaunar a tsakiyar 'yan gida. A Firefox ma baƙin ne, illa dai sun fi kauri. Dalilin kuwa shi ne, idan salon haruffan da aka zaɓa wa shafi bai ƙunshi wani harafi ba, burauza kan aro shi daga wani salon da ke cikin na'urar, kuma kowace tana da tsarinta na zaɓen wanda za ta aro. Idan ba ta samu ko'ina ba, sai ta ajiye ɗan akwatin nan da ba komai a cikinsa. A kundin Unicode, wanda ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, an jera ɓ da ɗ ne cikin alamomin masana furuci, shi ya sa masu zana haruffa da yawa suke tsallake su.

Na daɗe ina ɗora wa burauza laifin da ba nata ba ne gaba ɗaya. Chrome yana aiki da Blink, injin da ke zana shafi a allo, wanda Google ya ɓalle da shi daga injin WebKit a 2013, burauzar Edge ma ta koma kansa a 2020, don haka ba ka cika ganin bambanci tsakaninsu ba. Firefox yana da nasa injin, Gecko, Safari kuma WebKit. Amma kauri da laushin rubutu sun fi danganta da na'urar: Windows yana daidaita harafi da ɗigogin allo domin ya fito tsaf, Apple kuwa ya fi kiyaye ainihin siffarsa, abin da ya sa rubutun wayar ya fi cika ido.

Wannan ba kwalliya kawai ba ce. Mai rubutun da ya gaji da ganin akwatuna yakan yar da ƙugiyar, sai "ƙafa" ta zama "kafa", "ɓata" ta zama "bata", kuma yaron da ke koyon karatu a waya ya ɗauka haka ake rubutawa.

Kafin mu tashi na sauya salon shafin zuwa Noto Sans, muka sake buɗewa. Duk su ukun suka fitar da "ƙwaƙwalwa" da haruffa masu tsayi ɗaya da kauri ɗaya.