Kafin a taɓa jet ɗin kafireto, a duba hanyar iska

Samarinmu na nan Gadarif a Sudan sun shiga yayin cire akwatin iskar babur, su ɗaura wata 'yar matata mai siffar mazurari a bakin kafireto, wai don ya ƙara gudu kuma ya yi ruri. Da ɗan yayana ya ce mini, "Kawu, bari in yi wa naka haka," ban yarda ba, domin tsohon Honda CG125 ɗin da nake zuwa gonar riɗi da shi ba a ƙera shi da wannan akwati a banza ba.

A shekarar 1974 kamfanin Honda ya tura injiniyoyinsa wasu ƙasashen Asiya su ga yadda talakawa ke amfani da babura, suka tarar da matatun iska na takarda sun toshe da ƙasa, man inji kuma ba a juye shi sai ya yi kauri. Shi ya sa CG125, wanda ya fito a 1975, ya zo da matatar soso wadda ake wankewa a mayar. Duk wanda ya taɓa ganin guguwar ƙura ta habub ta rufe gari da rana tsaka, ko ya bi bayan babbar mota a hanyar gona da rani, ya san ƙurarmu ba ta gaza waccan ba. Yashin da ya wuce matata yana cin ringi da bangon silinda a hankali, har babur ya fara shan man inji yana fitar da shuɗin hayaƙi.

Akwai kuma matsalar haɗin mai da iska. Inji yana ƙone fetur ƙurmus idan nauyin iska ya ninka nasa kusan sau 14.7, amma kafireto ba ya auna komai. Zuƙar da fistin ke yi ce take jawo mai ta ramukan jet, wato 'yan bututun tagulla da ke cikin kafireto, kuma an zaɓi girman ramukan ne da lissafin cewa akwatin iska yana nan. Idan aka cire shi, iska ta yi yawa mai ya yi kaɗan, sai inji ya riƙa ɗaukar zafin da ke ƙone bawul, wani lokaci ma ya huda kan fistin.

Saboda haka idan babur ya fara shaƙewa ko mutuwa a silo, ba na fara kwance kafireto. Wurin da nake fara dubawa shi ne robar da ta haɗa shi da kan inji, wadda zafin rana ke busarwa har ta tsattsage, kuma tsagar takan ɓuya a ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Alamarta ita ce idan an saki totur inji ya daɗe yana ƙara kafin ya sauko. A bar shi a silo, a fesa ruwan wanke kafireto kaɗan a kewayen robar. Idan ƙarar ta sauya, iska na sata ta nan. Liƙe ta da gam dabara ce ta kai mutum gida kawai, sabuwa ake saye. Bayan ita sai soson, wanda ake wankewa da kananzir, a matse shi a tafin hannu ba tare da an murɗe shi ba, a bari ya bushe, a jiƙa shi da man inji mai tsabta, sannan a sake matsewa. Busasshen soso ba ya kama ƙura, man da ke jikinsa ne yake kamawa.

Sai an gama wannan ake buɗe kofin da ke ƙasan kafireto. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 da yawanmu muka koma sayen mai a jarka da kwalba, kuma abin da ake tararwa a gindin kofin ya isa shaida: jan laka mai laushi, da ɗigon ruwa yana birgima a ƙarƙashin fetur. Ƙaramin jet na silo shi ke fara toshewa, domin raminsa bai kai kaurin allurar ɗinki ba. Na sha ganin ana zura masa silin wayar birki, alhali jet ɗin na tagulla ne, ƙarfe yana buɗa raminsa, kuma ba ya komawa yadda yake. A jiƙa shi, a hura masa iska mai ƙarfi, a ɗaga shi a hango haske ta cikinsa.

Wanda ya nace sai ya yi gyare-gyare, to ya san kowane sashe da iyakar aikinsa. Daga silo zuwa kwatan totur, ƙaramin jet da sukurun haɗi ne ke ba da mai. Daga nan zuwa kashi uku cikin huɗu, allurar kafireto ce. Babban jet kuwa sai an buɗe totur kusan duka. Yawancin tafiyarmu a tsakiya take, don haka sauya babban jet ba ya warkar da shaƙewar da ake ji a cikin gari. Allurar da ke da tsagogi, idan aka saukar da maƙalinta tsaga ɗaya tana ɗagawa sama mai ya ƙaru. Abu ɗaya ake sauyawa, a yi tafiya, a kwance fulogi a duba bakinsa: launin ƙasa-ƙasa daidai ne, baƙin toka mai ya yi yawa, fari fat kuma iska ta rinjaya. Lambobin jet na kamfanonin kafireto Keihin da Mikuni ba ma'auni ɗaya suke bi ba, kada a musanya su don an ga lamba iri ɗaya.

A lura da yanayi ma. Iskar da zafinta ya kai maki 45 a ma'aunin Celsius ta fi ta maki 20 sauƙi da kusan kashi 8 cikin ɗari, wato a zafin Afrilu haɗin yana karkata wajen yawan mai da kansa, kuma jet ɗin da aka ƙanƙanta a lokacin zai iya yi wa inji kaɗan a sanyin safiyar Janairu. Ni dai barin sa da ɗan yawan mai ya fi mini, tunda iska ce kaɗai ke sanyaya wannan inji.

Abin da na ƙara wa nawa guda biyu ne: 'yar matatar fetur mai haske a kan tiyon da ya fito daga tanki, da giris da nake shafawa a bakin murfin akwatin iska don ƙura ta rasa ta inda za ta kewaye soson.