Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Karatun Tsara Zane a Jami'ar Kumasi

A makon jiya na tsaya a kan fitowar sakamakon jarrabawar kammala sakandare ta WASSCE, wanda ya ba ni damar neman gurbi a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, wadda mutanen Kumasi suka fi sani da Tek. Sashen Communication Design na zaɓa, inda ake koyar da tsara zane domin ɗab'i da talla da duk abin da ake gani a allon kwamfuta, kuma karatu ne na shekara 4.

Baba, wanda ya yi rayuwarsa a fataucin goro, bai hana ni ba, amma bai ɓoye damuwarsa ba. Ya ce da ni, "Yanzu kai har jami'a za ka je domin ka koyi abin da masu rubuta allon shago suke yi a bakin titi?" Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, Allah ya ƙara girma, tutar ƙasar nan ma wata ce ta zauna ta tsara ta." Theodosia Okoh nake nufi, wadda ta zana tutar Ghana da aka ɗaga a 1957, kamar yadda Amon Kotei ya zana tambarin ƙasa. Kawuna ne ya ƙarasa shawo kansa, domin shi malami ne da yake yi wa masu saukar Alƙur'ani zayyanar allo a unguwar Aboabo da ke Kumasi, kuma a hannunsa na fara riƙe alƙalamin kara da tawada.

Makarantar zanen da na shiga ta girmi jami'ar kanta, domin daga Kwalejin Achimota da ke Accra aka ɗauko ta zuwa Kumasi a 1952, lokacin da aka buɗe Kwalejin Fasaha, kafin kwalejin ta zama jami'a a 1961. Wannan daɗewa ta bar al'ada mai ƙarfi ta girmama aikin hannu. Na shiga da zaton za a zaunar da mu gaban kwamfuta tun daga farko, sai ga shi fensir da buroshi da takarda aka ba muhimmanci, muna zana abin da ido ya gani, muna rubuta haruffa da hannu har sai mun gane dalilin da ya sa tazarar da ke tsakanin harafi da harafi take iya gyara kalma ko ta ɓata ta. Abin da ya fi gina ni shi ne zaman duba aiki, inda ɗalibi zai liƙa zanensa a bango, malami da sauran ɗalibai su yi ta yi masa tambayoyi: wa kake so ya karanta wannan, daga wane nisa, kuma me zai fara gani? A ganina wannan tambaya ita ce karatun gaba ɗaya, kuma ita ce ta raba wanda ya yi wannan fanni da wanda ya iya manhajar Photoshop kawai, ko da yake na san gwanaye da yawa da ba su taɓa shiga jami'a ba amma sun koye ta a wajen aiki.

Lokacin dogon hutu na je koyon aiki a wata maɗaba'a a Asafo, unguwar da ta tara masu ɗab'i a Kumasi. A can na ga abin da aji ba ya iya nunawa sosai. Allon kwamfuta da haske yake haɗa launi, daga ja da kore da shuɗi, ita kuwa na'urar ɗab'i tawada huɗu take jerawa, kowace da farantinta, shi ya sa shuɗin da ya yi kyau a allo yake iya fitowa a dushe a takarda. Na koyi barin rarar milimita 3 a gefen zane saboda wuƙar yanka, na kuma koyi manhajar zane ta CorelDRAW, domin ita ce masu ɗab'i da yawa suke aiki da ita. Fostar jana'iza ita ce aikin da ba ya yankewa, saboda yadda Tonawa, wato Ashanti, suke girmama wannan taro, sai kalanda a ƙarshen shekara. Shekarar 2015 ta zo da tsananin ɗauke wutar da ake kira dumso, har ya zama sai dare ya raba ake buga aikin da aka karɓa da safe, sannan zaɓen Disamba 2016 ya cika maɗaba'u da hotunan 'yan takara.

Abokan karatuna sun watsu bayan hidimar ƙasa. Wasu sun tafi kamfanonin talla a Accra, wasu gidajen jarida da talabijin, wasu suna tsara fuskar manhajar waya, wasu kuma sun koma koyar da zane a makarantun sakandare. Sana'ar tana ciyar da mai ita, amma tana da ciwo guda, wato yadda mai kawo aiki yake biyan kuɗin takarda da tawada ba musu, sai an zo kuɗin tsarawa ya ce ai danna kwamfuta ne kawai.

Ni dai Zango ya riƙe ni. Tun a aikina na shekarar ƙarshe na lura cewa katunan aure da suna da maulidi da ake buga mana sukan fito da Larabci a wargaje, haruffa sun rabu ko sun juya, saboda mai tsarawa bai san daga dama ake rubuta shi ba. Hausar ma ba ta tsira ba, domin yawancin salon haruffan kwamfuta ba su da ƙ da ɗ da ɓ, kamar yadda masu rubuta Twi, harshen Tonawa, suke fama da ɛ da ɔ. Ga kuma iyayenmu mata masu man kaɗanya da yaji da zoɓo, kayansu masu kyau, amma manyan kantuna ba sa karɓa sai da rajistar Hukumar Abinci da Magunguna, wadda take buƙatar takardar jikin kaya ta nuna suna da sinadaran haɗi da adireshi da ranar da amfani zai ƙare. Wata Hajiya maƙwabciyarmu ce ta fara ba ni irin wannan aiki, ta ajiye kwalbar man da take sayarwa a gabana ta ce, "Ɗana, ka yi mata rigar da za ta shiga kanti."

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo yadda na kama ɗan shago a Asawase da yadda na koyi yanke wa aikina farashi.