Zanen da babu mutum a cikinsa

Da na gama karatun zanen injina, na dawo ƙauyenmu a gefen Ringim na shiga shagon walda na kawuna. Abin da na fara ƙerawa injin ɓare gyaɗa ne na juyawa da hannu, don mata masu ƙuli-ƙuli. A takarda awo bai kuskure ko'ina ba. Muka kai wa Inna, ƙanwar kakata. Ta juya sau uku, ta saki.

"Ɗan nan, a tsaye kake so in wuni?"

A kan kujera 'yar tsugunno take aikinta tun kafin a haife ni, ƙwarya a dama, jika a gefe. Ni kuwa ƙarfe kawai na zana.

A kwanakin nan ne na ci karo da labarin Syd Mead, mutumin Amurka da aka haifa a 1933, ya rasu a 2019. Ya fara zanen motoci a kamfanin Ford a 1959, daga baya masu finafinan hasashen kimiyya suka neme shi. A fim ɗin Blade Runner na 1982, motoci aka ce ya zana, har da mai tashi sama. Amma shi ba ya iya ajiye mota a farar takarda ita kaɗai. Sai ya zana mata titi, da ruwan sama, da fitilu, da masu wucewa, har darakta Ridley Scott ya sa shi cikin tsara kamannin birnin. Abin da ya fi kama ni shi ne gine-ginen: tsofaffi ne, an liƙa musu bututu da wayoyi ta waje, don mutanen birnin gyara suke yi, ba sa sauya sabo. Wallahi kamar ya leƙo shagonmu, inda injin ban-ruwa ɗaya ke dawowa kowane rani.

Na koma gidan Inna da tef ɗin awo. Na auna kujerar, na auna inda gwiwar hannunta ke tsayawa, na zana ta a zaune kafin na ja layin ƙarfe ko ɗaya. Sarƙa da boris na babur na sa, waɗanda kowane bakanike yake da su, saboda ranar lalacewa.

Ta juya, ta juya, ba ta saki ba. Ta ce in ƙara faɗaɗa bakin, ya ci kwano guda a zubi ɗaya.