Haɓon da ba na hunturu ba

Duk wanda ya tashi a Katsina ya san haɓon hunturu. Da zarar hazo ya rufe hasumiyar Gobarau, leɓɓa suka fara tsagewa, sai iyaye mata su riƙa shigowa kemis ɗina da yara, gaban riga duk jini. Wannan ba ya tayar mini da hankali. Cikin hanci ne ya bushe, yaro ya sa yatsa ya ɓantare ɓawo. A shafa masa basilin, a hana shi ƙwaƙula, shi ke nan.

Akwai wani haɓon kuma da nake so iyaye su sani, wato na masu shaƙe-shaƙe, don shi ba ruwansa da sanyi ko zafi. Saurayi ne zai shigo tsakiyar damina, yana jan majina, ya ce, "Malam, a ba ni maganin ɗigawa a hanci, mura ke damuna." Ba tari, ba zazzaɓi. Bakin ƙofar hancin ya yi ja, ya yi saɓa, kuma galibi ɓangare ɗaya ya fi lalacewa, wato wanda ya saba shaƙa da shi. Bayan mako guda ya dawo neman wata kwalbar. Murar da ba ta warkewa wata da watanni, ga jini a hankici kusan kullum, wannan ba mura ba ce.

Abin da ake shaƙa a nan ba iri ɗaya ba ne. Yaran da ke yawo a tasha da bakin kasuwa sholisho suka fi samu, wanda masu faci ke liƙe taya da shi, ko fetur a tsumma. Su za ka ga ƙuraje sun zagaye musu hanci da baki, tufafinsu na warin abin. Haɗarin sholisho ya wuce hanci ma, domin yana iya rikita bugun zuciya yaro ya faɗi nan take, ko da ranar ya fara. Wasu kuma ƙwaya suke niƙawa, tiramol ko rochi, su zuƙe garin. Masu ɗan hali su ne ke kai wa ga hodar iblis. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar a 2019 ya ce mutum miliyan 14.3 ne a Najeriya suka yi ta'ammali da ƙwayoyi cikin shekara guda, kusan miliyan 3 daga cikinsu a Arewa maso Yamma, kuma cikin kowane mutum huɗu ɗaya mace ce. Don haka kada a ɗauka zancen 'ya'ya maza kaɗai nake yi.

Ga yadda abin ke cin hanci. Bangon da ya raba ƙofofin hanci biyu guringuntsi ne, fata siririya ta lulluɓe shi, kuma daga wannan fatar yake samun jinin da ke raya shi. A gaba-gaban bangon akwai wurin da ƙananan jijiyoyin jini suka haɗu, daga nan mafi yawan haɓo ke fitowa, nan ne kuma garin ke fara sauka. Ƙwayar da aka yi don haɗiya tana ɗauke da abubuwan da ke riƙe ta dunƙule, waɗanda ba sa narkewa a hanci, sai su yi ta gurzar fatar kamar yashi a ido. Hodar iblis ta fi muni, saboda tana matse jijiyoyin jini, kuma tana kashe zafi. Naman yana mutuwa don rashin jini, mai shi bai ji komai ba. Miki ya fito, ya yi ɓawo, a ɓantare, jini ya zuba, a sake shaƙa a kan mikin. A haka har bangon ya huje. Idan abin ya yi nisa karan hanci yakan zauna, wani har saman bakinsa ke ɓulewa, ya sha ruwa ya fito ta hanci.

Na ga hujin da idona. Wata maƙwabciyarmu, wadda tun ina yaro nake ce mata Inna, ta aiko a kira ni bayan isha'i. Ta ɗauko rigar matashin kan ɗanta ta shimfiɗa mini a tabarma, ɗigon jini sabo a kan tsoho, wani ya yi baƙi. Ta ce, "Ɗan nan, duba mini ƙanenka. Na yi hayaƙi, na karɓo rubutu, na hana shi shiga rana, abin sai gaba yake." Yaron na zaune a bakin ƙofa, kansa a ƙasa, kuma duk numfashin da ya ja sai ka ji wani ɗan fito siriri. Na ce ya ɗaga kai, na haska fitilar waya ta ƙofar dama, hasken ya fito ta hagu. Da Inna ta shiga ɗaki sai na ce masa, "Ba faɗa zan yi maka ba, amma likita zai tambaye ka, gara ka fara gaya mini." Ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya ce, "Yaya, don Allah kar Baba ya ji."

Baban ya ji, kuma maganarsa ta farko ita ce a kai shi gidan mari. Na roƙe shi da girman Allah. Ba mu manta abin da aka gani a watan Oktoban 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka buɗe irin waɗannan gidaje a Daura da nan cikin Katsina, aka fito da mutane da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya. Sarƙa ba ta ɗinke hanci, ba ta kuma cire ƙwaya daga zuciya. Alhamdu lillahi ya saurara, aka kai yaron sashen kunne da hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Tarayya. Likita ya gaya musu gaskiya: hujin da ya riga ya buɗe ba ya rufewa da kansa, aikin tiyata kuma ba a maganarsa sai mutum ya daina shaƙa ya daɗe da dainawa. Yanzu yana wanke hancin da ruwan gishiri safe da yamma, jinin ya ragu ƙwarai, yana kuma zuwa wajen masu ba da shawara.

Idan jini ya ɓalle, ko mene ne sanadinsa, a daina ɗaga kai sama kamar yadda muka gada. Jinin maƙogwaro yake gangarawa, ya tayar da zuciya, a zaci ya tsaya alhali ciki yake zuba. A zauna, a ɗan sunkuya gaba, a matse wurin taushin hanci da yatsu biyu na minti 10 zuwa 15 ba tare da saki ana leƙawa ba, a yi numfashi ta baki. Kada a cusa auduga ko takarda. Kada a sha asfirin ko ibuprofen, suna ƙara zubar jini. In an kai rabin awa bai tsaya ba, ko jiri ya kama mutum, asibiti kai tsaye. Babba kuma a gwada masa hawan jini. Ruwan gishirin wanke hancin ba wuya: rabin ƙaramin cokali a kofi ɗaya na ruwan da aka tafasa ya huce. Wani abin da samarin ba su sani ba, takardar kuɗin da suke naɗewa su zuƙi garin da ita suna miƙa wa juna tana ɗaukar jinin wannan ta kai mikin wancan, kuma ciwon hanta na iya bin wannan hanyar. Duk wanda ya taɓa yin haka ya je a gwada jininsa.

Ba kowane mai haɓo ke shaƙe-shaƙe ba, kada wani ya karanta wannan ya je ya shaƙe wuyan ɗansa. Amma idan haɓon ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ga toshewar hanci kullum, yaro ya daina jin ƙamshin abinci, barcinsa ya juye, kuɗi na ɓacewa a gida, to a zaunar da shi cikin sirri a tambaye shi da murya mai sanyi. Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi na da layin kira kyauta, 0800 1020 3040, na masu neman taimako da iyayensu.

Sauran maganata ga 'yan uwana masu kemis ce. Maganin ɗigawa irin su Otrivin ba a wuce mako guda ana amfani da shi. Shi ma matse jijiyoyin jini yake yi, in aka zarce sai hancin ya ƙara toshewa, ga wanda ke shaƙa kuma ƙara wa miki gishiri ne. Mu ne muke fara ganin yaran nan tun kafin iyayensu su lura. In saurayi ya dawo neman kwalba ta biyu, ku ajiye cinikin, ku ja shi gefe inda ba kowa, ku haska hancin ku gani, sannan ku gaya masa sashen da zai je a asibiti da ranar da za ku raka shi.